Kurakuran da 'yan uwa ke tafkawa a yawon kaka na Rock Creek

Duk ƙarshen Oktoba sai ka ga sababbin zuwanmu Washington sun yi gayya zuwa Rock Creek Park, wani gandun daji mai rafi a cikin birnin, kallon ganyaye sun koma ja da ruwan ɗorawa, kuma wallahi wajen ya kai a je, tun 1890 gwamnatin Amurka ta keɓe shi. Matsalar muna zuwa da tunanin bakin rafin ƙauyenmu ne.

Babba a ciki shi ne tsinkar ganye don ɗaukar hoto. Akwai wani tsiro da suke kira poison ivy, ganyensa uku-uku ne a haɗe, yana yaɗo a ƙasa yana kuma hawa bishiya, kuma abin haushi a kaka ya fi kowa kyau, ja wur. Wani mai ne a jikinsa, in ya taɓa ka ba za ka ji komai ba a lokacin, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa su taso maka. In ka san ka goge shi to wanke wajen da sabulu nan take, har kayan jikinka da takalmi, don man yana daɗewa a kansu.

Sai kaska. Mutane na cewa ai sanyi ya shigo sun mutu, ina! Manyansu lokacin suke yawo, kuma su ke sa cutar Laim (Lyme), mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Cusa ƙafar wando cikin safa ko da za a yi maka dariya, in ka koma gida ka duba jiki. Ka ga ta maƙale, sa hantsaki ka cire a hankali, ban da ƙona ta da ashana.

Alwala da ruwan rafin kuma a'a Malam, an ma hana shiga cikinsa saboda in an yi ruwan sama ƙazantar kwatamin gari na gangarowa ciki. Riƙo gorarka daga gida.

Silifa ma a bar shi, jiƙaƙƙen ganye santsi gare shi kamar kuɓewa.

Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo wajen ƙarfe 5, kuma da duhu ake rufe wajen. Wanda ya saba fita bayan la'asar gara ya fita da an sallame azahar.