Yadda Ake Bin Diddigin Dibishan Ɗin Sojan Doki Na Ko-Ta-Kwana A Amurka, 1921 Zuwa 1942

Dokar tsaron ƙasa ta 1920 ce ta bai wa sojan Amurka damar kafa rundunonin ko-ta-kwana, wato farar hula masu muƙamin soja da ake kira in yaƙi ya tashi. A 1921 aka kafa dibishan shida na sojan doki a wannan tsari, daga na 61 zuwa na 66. Mai son sanin yadda aka shirya ɗaya daga ciki, ga hanyar da zai bi.

Fara da lamba, domin ba da ka aka raba ta ba. Kowane dibishan yana da birged biyu, kowace birged tana da rejimen biyu. Birged sun tashi daga 151 zuwa 162, rejimen daga 301 zuwa 324. In ka ci karo da lambar rejimen, cire 300, ka raba ragowar gida huɗu, in akwai ɓurɓushi ka cike shi zuwa gaba, sannan ka ƙara 60. Ɗauki rejimen ta 322, wadda Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya shiga a Des Moines ta jihar Iowa a 1937: 22 gida huɗu ya ba da biyar da rabi, a cike ya zama shida, dibishan na 66 ke nan. Birged kuma 22 ɗin za ka raba gida biyu, ka ƙara 150, sai ka samu ta 161.

Daga nan sai ka nemi shekarar takardar da ke hannunka, don tsarin ya sauya. A jadawalin tsarin runduna na 1921 dibishan ya kai mutum kusan 7,500. Ban da rejimen huɗu, kowace birged tana da sikwadiron, wato bataliya, na manyan bindigogi masu sarrafa kansu. Akwai bataliyar igwa mai bakin milimita 75 da dawaki ke ja, da bataliyar injiniyoyi, da 'yan sadarwa, da masu ɗaukar waɗanda suka ji rauni, da likitocin dabbobi, da ayarin kaya. Gyaran da aka soma a 1928 ya rushe sikwadiron na bindigogin, ya mai da su cikin kowace rejimen, ya ƙaro motocin sulke, bataliyar igwa kuma ta zama rejimen. Wanda ya haɗa jadawalin 1925 da na 1935 wuri guda zai ƙirga wasu rukunai sau biyu. A lura kuma, a bakin sojan doki abin da sojan ƙasa ke kira kamfani shi ne turuf, bataliya kuwa sikwadiron.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne ɗaukar adadin jadawali a matsayin mutanen da ke ƙasa. Waɗannan rundunoni hafsoshi ne kusan zalla. Za ka ga rejimen da kanar ɗinta da kyaftin-kyaftin da laftanoni sun cika, amma ƙananan sojoji ba su taka kara sun karya ba. Ba su da bariki, ba su da barga, doki ma aro suke yi wurin sojojin dindindin ko dakarun jihohi. Dalilin kuɗi ne: majalisa ba ta ware abin da zai ɗauki ƙananan sojoji ba, an bar shi a kan cewa ranar yaƙi za a zuba kurata a kan wannan ƙashin bayan. Saboda haka duk adadin da ka gani, tambayi kanka: wanda doka ta amince ne, ko wanda aka ƙirga a fili?

Horo ma haka za ka auna shi. Yawancin shekara darasi ne ta gidan waya da taron dare a cikin gari, lauya da ɗan kasuwa sun sunkuya kan taswira suna motsa turuf da fensir. Atisayen fili na gaske sai bazara, mako biyu, a barikoki irin su Fort Ethan Allen a Vermont, ko Fort Oglethorpe a Georgia inda rejimen ta 6 ta dindindin ke zaune. Wannan ma ba kowane hafsa ke samunsa kowace shekara ba. Rejimen na dibishan guda suna warwatse a jihohi daban-daban, don haka nemi inda kowace ta yada zango, kada ka tsaya a hedikwata, kamar Chicago ta na 65.

Wajen rufe tarihin, bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Daga 1940 aka riƙa kiran hafsoshin ɗai-ɗai ana cike gurbi da su a wasu rundunoni, har dibishan ɗin suka zama kango. A watan Janairu 1942 aka rushe duka shidan ba tare da ko ɗaya ya shiga fagen fama da sunansa ba. William Donovan, wanda ya taɓa riƙe rejimen ta 301, a hukumar leƙen asiri ta OSS za ka same shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne shugabanta.