Jif ko a-kori-kura: wacce ta dace da hanyoyin Legas?

'Yan'uwa, kafin ku je kasuwar motoci ta Berger duba mota, ku tambayi kanku me za ta riƙa ɗauka.

Idan buhunan albasa da tumatir ne daga kasuwar Mile 12, ku ɗauki a-kori-kura irin Hilux. Sifirin ɗin bayanta na faranti ne, yana jure kaya kusan tan 1. Amma in babu kaya, bayanta tsalle yake yi a kan ramuka, kuma tana saurin zamewa a jiƙaƙƙiyar kwalta. Jif irin Prado kuwa sifirin ɗinta naɗaɗɗe ne, iyali za su ji daɗin zama, sai dai yawan lodi yana kashe mata shokozoba da wuri.

Batun ambaliyar Lekki da Ajah, kada tsayin mota ya ruɗe ku. Ruwan da ya wuce santimita 70 yana iya shiga inji ta bututun iska ya lanƙwasa sandunan fistin. In mota ta mutu a cikin ruwa, don Allah kada a sake tayar da ita, a jawo ta.

Injin fetur mai lita 2.7 iri ɗaya ne a motocin biyu, kayan gyaransa suna nan a kasuwar Ladipo. In tokumbo ce, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, bakanike ya shiga ƙarƙashinta ya duba tsatsar shasi, ya gwada giyar 4L, wato giyar ƙarfi mai jan tayoyi huɗu a hankali.