Yadda ake magance ƙarancin jini ga mai shan maganin HIV

Na daɗe ina zama da masu karɓar magani a nan Jos, kuma kuskure ɗaya nake ta gani. Mutum ya ji jiri, ya hau ɗan tudun unguwa yana haki, ya ja fatar idonsa a madubi ya ga ta yi fari, sai ya zarce kemis ya ce a ba shi maganin ƙara jini. Ba daga nan ake farawa ba.

Fara da gwaji. Ka ce a auna maka Hb ko PCV, wato gwajin da ke nuna yawan jini. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, idan Hb ya gaza 13 ga namiji, 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki, jini ya yi ƙasa. PCV kusan ninki uku ne na wannan lambar. Ka rubuta ta da kwanan wata, don "an ce ya yi ƙasa" ba ta taimakon likita da komai. Mu a Jos muna kan tudu, wajen mita 1,200, jininmu kan ɗan ɗara na mazauna kwari, saboda haka kada a raina lambar da ta tsaya a bakin iyaka. In Hb ya gaza 8, ko kana haki kana zaune, asibiti za ka yau ɗin nan.

Sai ka duba kwalbar maganinka. Yawancin manya a Najeriya yanzu TLD suke sha, wato ƙwaya ɗaya da ta haɗa magungunan HIV uku, shi kuwa ba a san shi da shan jini ba. Hasali ma ƙwayar cutar kanta ce ke danne ɓargo, kuma da magani ya kama ta jinin kan farfaɗo. Wanda ake sa wa ido shi ne zidovudine, wato AZT, da har yanzu ake bai wa wasu yara da waɗanda aka canja wa magani. Yana rage wa ɓargo ƙarfin yin jini, galibi cikin watanni shida na farko. Septrin ma kan taɓa jinin wasu. Ko wanne ne, kada ka ajiye shi da kanka. Kai wa likita sakamakon, shi zai sauya.

A nemo dalili kuma: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, tarin fuka, sikila, ko jinin al'ada mai yawa. Ba kowane ƙarancin jini ne ke buƙatar sinadarin ƙarfe ba.

To, ga inda aka fi faɗuwa. Idan an rubuta maka ƙwayar ƙarfe, irin su Fesolate, ko tonik mai ƙarfe a ciki, ka sani ƙarfen kan kama dolutegravir, ɗaya daga cikin magungunan da ke cikin TLD, tun a hanji, ya hana shi shiga jini yadda ya kamata. Wata baiwar Allah da na sani, mai kiyaye lokaci ce ƙwarai, da asuba take haɗiye TLD ɗinta ta bi shi da cokalin tonik, ciki wayam. Da gwajin yawan ƙwayar cuta ya fito ya hau, har kuka ta yi tana rantsuwa ba ta taɓa tsallake rana ba. Gaskiya ta faɗa. Laifina ne da ban tambaye ta me take haɗawa da shi ba. Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa 2 kafin ƙarfe, ko awa 6 bayansa. An yarda a haɗa su idan tare da abinci ne, amma ni ban ba kowa wannan shawarar, don "abinci" a wurin wasu shayi ne da yankan burodi. Raba su kawai: ƙarfe da safe, TLD da dare. Haka ƙwayar kalsiyam da farin ruwan maganin olsa. Ke mai ciki da ake ba jajayen ƙwayoyi a wurin awo, da ke nake musamman.

Tonik mai tsada ɗin nan, sau da yawa ƙwayar da ba ta kai rabin kuɗinsa ba ta fi shi ƙarfe. Maltina da madara kuwa daɗi ne kawai. Kuɗin gara ka kai kasuwar Farin Gada ka sayo alayyafo da zogale, ka haɗa da wake, hanta in da hali, ka bi da lemon zaƙi. Shayi yana hana ƙarfe shiga jiki, a nisanta shi da lokacin shan ƙwayar.

In kana shan ƙwayar ƙarfe, bayan gida zai yi baƙi, ba abin tsoro ba ne. A maimaita gwaji bayan wata guda, a ci gaba da ƙwayar kamar wata uku bayan lambar ta daidaita. In ba ta motsa ba, koma da takardun biyu a hannu.