Yadda ake cire manhajar imel da ta zo da Windows ba tare da asarar wasiƙu ba

Duk wanda ya sayi kwamfuta ta hannu a Computer Village da ke Ikeja ya san manhajar nan mai hoton ambulan da a da take zuwa cikin Windows, wato Mail and Calendar. Microsoft ta daina kula da ita tun 31 ga Disamba 2024, ta kawo sabuwar Outlook a madadinta, ita kuma wannan takan shigo kwamfuta ko ba ka neme ta ba. Na sha cire wa 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba su biyun, aikin ba ya kai minti biyar. Ɓarnar kafin cirewa ake yin ta.

Kada ka taɓa komai tukuna. Buɗe Chrome, ka shiga akwatin imel ɗinka ta shafin intanet, ka gwada abin da ke can da abin da ke cikin manhajar. Mai Gmail ko Yahoo yawanci ba shi da fargaba, domin da tsarin IMAP ake haɗa su, wasiƙun suna ajiye can wurin kamfanin, manhajar taga ce kawai da kake leƙa su. Amma in adireshin na wurin aiki ne ko na ƙaramin kamfani, mai yiwuwa da POP aka haɗa shi. A POP, wasiƙun da ka aika daga wannan kwamfuta a cikinta kaɗai suke zaune. Ka cire manhajar, sun tafi tare da ita.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Wani Alhaji mai harkar albasa a Mile 12 ya kawo mini kwamfutarsa. Na duba wasiƙun da suka shigo, na ga duk suna nan a intanet, na cire. Bayan kwana uku ya dawo: "Malam, ina takardun kuɗin da na tura wa mutanena?" Ban duba ɓangaren Sent ba. Sai da ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya suna dawo masa da kwafi. Saboda haka ka duba Sent, ka duba Drafts, ka duba Outbox, inda wasiƙar da ba ta fita ba take maƙalewa. Duk wadda ba ka gani a intanet ba, buɗe ta, danna ɗigo ukun da ke sama, zaɓi Save as, ka ajiye ta. Takardun da aka liƙa wa wasiƙa kuma ka sauke su daban. Ni dai a filashi nake zuba su, ban yarda a bar su cikin kwamfutar da ake yi wa aiki ba. Ka kuma sani kalandar da imel ɗin abu guda ne, tare suke fita, don haka ka kwashe ranakun da ka rubuta.

Yanzu cirewa. Shiga Settings, sai Apps, sai Installed apps in Windows 11 ce, ko Apps & features a Windows 10. Nemo Mail and Calendar, danna Uninstall. Haka za ka yi wa sabuwar Outlook, wadda za ka gani da sunan Outlook (new) ko kuma Outlook kawai. A kula, kada hannu ya kai ga Microsoft 365 ko Office, in ba haka ba Word da Excel ma sun tafi, kuma sake sauke su data ce mai yawa.

In maɓallin ya ƙi dannuwa, ba sai ka hau danfo zuwa Ikeja ka biya mai gyara ba. Buɗe PowerShell, wato manhajar da ake rubuta wa Windows umarni a cikinta, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

Get-AppxPackage *windowscommunicationsapps* | Remove-AppxPackage

Ta Outlook kuwa, sai ka sa *OutlookForWindows* a wurin kalmar da ke tsakanin taurarin.

In 'ya'yanka ko maiɗakinka suna da nasu asusun a kwamfutar, sai an maimaita a kowanne. Daga nan koma Default apps a cikin Settings, nemo MAILTO, wato wurin zaɓar manhajar da za ta buɗe in ka danna adireshin imel, ka ba Chrome. Outlook takan dawo bayan Windows ta sabunta kanta, in ka gan ta ka sake cirewa.