Fenti mai duhu ba ya rufa wa bango asiri

Tun da hotunan falo masu kore shar da shuɗi mai duhu suka cika Instagram da TikTok, wayata ba ta huta ba. Da zarar bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwa, sai matan Gombe su fara turo hoto: "Malam, irin wannan nake so." Mai son ruwan ganyen darbejiya, mai son ruwan hanta, mai son ruwan goro, mai son shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata. Ni ba na faɗa da wannan, don na gaji da ruwan madara. Daga Jekadafari har Tumfure, duk falon da ka leƙa ruwan madara ne da farin silin, sai ka ce doka aka kafa mana. Sai dai ruwan madara yana da kara, yana rufa wa magini asiri, ya rufa wa mai fenti. Launi mai duhu ba ruwansa da kowa, duk abin da ke jikin bango sai ya tona shi. Sana'ata ke nan, kuma kurakuran da nake gani ba sa canzawa.

Bari in fara da wanda ya ci mini kuɗi, wato shafa fenti a kan ɗanyen filasta. Wata Hajiya ce ta kira ni gidan da za a kai 'yarta a Tumfure. Na shiga, na ɗora tafin hannu a bango, na ji sanyi. Na tambayi mai gadi, ya ce kwana tara da gama filasta. Na ce, "Hajiya, bangon nan bai nuna ba, a ba shi ko da mako uku." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, jere ranar Laraba ne, ɗaurin aure Juma'a. In ba za ka iya ba, faɗa mini in nemi wani." Kwaɗayi ya ja ni na karɓa. Shuɗi mai duhu muka shafa, ranar jere har hoto 'yan uwan amarya suka riƙa ɗauka a jikin bangon. Ba a rufa wata biyu ba aka kira ni. Wani farin abu kamar kanwa ya feso daga gindin bango ya haura har saitin taga, fentin ya yi bororo kamar ƙunar ruwan zafi, kana taɓawa yana zubowa. Muka fitar da gado da kujeru da kwabet tsakar gida, amarya na tsaye bakin ƙofar kicin ba ta ce uffan ba, muka kankare ɗaki biyu da falo. Fentin gyara daga aljihuna ya fito, kuma Hajiya har yau in mun haɗu a sabga gaisuwar dole take yi mini.

Abin da ya faru ba asiri ba ne. Siminti, ko na Ashaka ne ko na ina, yana buƙatar wajen kwana 28 kafin ya gama kama jikinsa. Kafin nan akwai ruwa a cikinsa, akwai kuma kaifi irin na toka da ke cin launin fenti. Ruwan nan dole ya fita, kuma yana fitowa ɗauke da gishirin siminti da na yashi. A kan ruwan madara da ƙyar za ka lura, a kan shuɗi kuwa daga bakin ƙofa za ka hango. Zafin garin nan shi ke yaudarar mutane. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ake kai wa digiri 40, fuskar filasta kan yi fari fat cikin kwana biyu, mai gida ya ce ai ya bushe. Fuska ce kawai. Ni yanzu mako biyar nake jira, wasu abokan sana'a suna cewa na cika tsanani, su ta shafa. Kafin in buɗe bokiti sai na yanki farar leda kamar faɗin sallaya rabi, na manna ta a bango da salatef ta kowane gefe, na bar ta ta kwana. In da safe na ga ta yi gumi daga ciki, in tattara kayana in tafi. In ta tashi a bushe, sai a fara da fentin share fage mai jure kaifin siminti, sannan launi ya biyo baya. Wanda bikinsa ya matso, ya shafa farin fentin ruwa mai arha a yi biki, bayan wata biyu a zo a yi na gaske.

Na biyu shi ne haɗa launi bokiti-bokiti, kuma a nan da 'yan uwana masu fenti nake. Ka sayo farin fenti, ka sayo kala a 'yar roba, ka tsiyaya da ido, ka juya da guntun katako, ka shafe bango biyu. Ya ƙare, ka sake haɗa wani, wai ai hannunka ya saba. Hannunka bai saba ba! Ina yaron shago na taɓa yin haka da kore a wani gida a Pantami. Da rana ba a ga komai ba, da aka kunna ƙwai da magariba sai ga falo ya rabu biyu, gefe ɗaya ganyen darbejiya, gefe ɗaya miyar kuka. Maigidana bai zage ni ba. Kujera ya jawo ya ce, "Zauna ka kalli aikinka," ya bar ni nan har aka kira isha'i. Gara mari da wannan zaman. Ko wanda kamfani ya haɗa ma, bokitin da ka saya yau da na mako mai zuwa suna iya ɗan saɓawa in ba haɗi ɗaya ba ne. Don haka a yi lissafi tun farko. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, tsayin ƙafa 10, in ka cire ƙofa da taga, bangonsa wajen murabba'in mita 40 ne. Lita ɗaya ta fenti mai kyau tana cin wajen mita 10 a bango mai santsi, shafa ɗaya. Launi mai duhu kuwa sau uku nake shafawa, ka ga lita 12 ke nan, galan uku mai lita 4. Ka sayi na huɗu. Ka juye su duka a durom ɗaya ka gauraya sosai kafin burushi ya taɓa bango, ragowar ka zuba wa mai gida a kwalba mai murfi don ranar da yaro zai karce bangon da cokali.

Kuma don Allah ku daina tsula wa fenti ruwa kamar ana dama koko. Abin da aka rubuta a jikin bokiti shi ne iyaka. Ana yin haka ne don fenti ya ragu a yi gaba da shi, kowa ya sani, sakamakon kuma bango mai zane-zane, wanda duk baƙon da ya jingina sai ya tafi da launin falonki a bayan babbar rigarsa.

Sai maganar zafi, wadda ake yawan ruɗewa a kai. Bangon cikin ɗaki da rana ba ta taɓawa, duhun launinsa ba ya ƙara wa ɗaki wani zafi, haske yake sha. Bangon waje ne matsala, musamman na yamma. Ka shafa masa ruwan toka mai duhu ko shuɗi, daga azahar zuwa la'asar ya sha rana ya ƙoshi, bulo ya riƙe zafin, da dare ya riƙa sako maka shi a ɗaka lokacin da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya. Ga kwano a sama. Na san mai gidan da ya koma kwana a baranda saboda wannan ado. A waje a bar launi mai haske. In dole sai an yi kwalliya, a yi ta a ƙofar gida, ginshiƙai, ko bangon da ke ƙarƙashin inuwa. A zaɓi kuma launukan ƙasa, ruwan makuba, ruwan goro mai duhu, jan ƙasa, don sinadarinsu na tsatsar ƙarfe ne, rana ba ta cinye shi da wuri. Ja mai ƙyalli kuwa ba ya daɗewa a ranar Gombe, ka dawo ka tarar ya koma ruwan hoda.

Zaɓar launi daga 'yar takardar shago ko daga allon waya, wannan ma kullum sai na yi magana. Hoton da kika gani an ɗauke shi ne a ɗaki mai taga kamar ƙofar gareji, an kuma gyara shi. Naki falon taga ɗaya ce, da labule mai kauri, da katangar maƙwabci a gabanta. Sayi ƙaramin gwangwani, a shafa sau biyu a falle ɗaya na silin ko filawud, a jingina shi a bango. Ki dube shi da hantsi, ki duba da la'asar, ki duba da dare, ki kuma duba da fitilar caji, tunda da ita ake hira rabin lokaci. Ƙwan lantarki ma da nasa ra'ayi. Mai fari tas, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, yana kashe ruwan hanta da ruwan goro su koma kamar an jiƙa su. Mai ruwan ɗorawa, 2700K zuwa 3000K, yana raya su, amma yana dusashe shuɗi. Ni bango ɗaya nake ba mutane shawara, wanda ke bayan doguwar kujera ko kan gado, sauran ukun a bar su da haske. Wadda ta nace sai huɗun duka, ta tanadi ƙarin fitila.

Fentin mai a bangon falo kuskure ne, ƙyallinsa na nuna kowane tudu da kwari da magini ya bari, a bar shi wa ƙofa da tagar ƙarfe. Wanda ba ya ƙyalli sam yana da kyau a hoto, amma sawun hannun yara da ƙurar hunturu suna zama daram, goge shi kuma ya bar tabo. Mai ɗan sheƙi kaɗan nake saya, wanda ake iya bi da jiƙaƙƙen tsumma. Ja da ruwan lemo ba sa rufe fari da sauƙi, a fara shimfiɗa musu ruwan toka a ƙasa. Kada a shafa bangon da rana ke duka tsakar rana, yana bushewa kafin rola ta dawo, sai layi-layi. Silin a bar shi fari. Kaskon turaren wuta a matsar da shi daga jikin bango.

Masu zaman haya kuma, ku tambayi mai gida kafin ku sayi ko galan ɗaya. Mayar da ruwan hanta zuwa ruwan madara sai an yi share fage sannan a shafa sau biyu ko uku, kuma ranar tashi ake tuna wannan. Makon jiya a Bolari na tsaya riƙe da rola kusan awa guda, mai gida da ɗan haya suna musun wanda zai biya, daga ƙarshe na wanke kayana na hau mashin.