Kurakuran da ake yi wajen saita IR na jita da bes

Yanzu ko a Gumel ko Maigatari zaka samu yaro da jitarsa yana bin salon 'yan Agadas, ya jona ta a laftof ko ɗan fedal irin Valeton GP-100, amma sautin na fita tsiii kamar sauro a kunne. Sau da yawa daga IR ne. Shi IR fayil ne na WAV da aka naɗi yadda akwatin sifika da makirfo ke canza sauti, shi yake tsaya maka a madadin akwatin da baka da shi.

Abin da nafi gani shi ne ninka akwati. Ka kunna IR sannan ka jona a amf ɗin jita mai sifikarsa, toh sautin ya bi ta akwati biyu kenan, dole ya dushe. In amf na gaske zaka shiga kashe IR ɗin, in kuma miksa ce ko sifikun DJ ka barshi a kunne. A kwamfuta ma haka, in ka ɗora NadIR, manhajar ɗora IR, ka tabbata akwatin dake cikin manhajar amf ɗin a kashe yake.

Sai yanke sama da ƙasa, wato rage sauti mai kaifi da sauti mai kauri (da Hz ake auna su, 1kHz shi ne 1000Hz), nan ne aikin yake gaskiya kuma nan ake lalaci. Sifikar jita irin Celestion Vintage 30 daga wajen 5kHz take fara sauka da kanta, su kuwa sifikun biki suna da hon, wato ƙaramar sifikar sauti mai kaifi, mai fito da komai har abin da ba'a so, musamman in IR ɗin da makirfo Shure SM57 aka ɗauka dab da tsakiyar sifika, kaifi ne dashi sosai. Yanke sama tsakanin 6 da 8kHz, ƙasa kuma wajen 80Hz tunda igiyar E mai kauri a 82Hz take, abin dake ƙasa da haka gurnani ne kawai yana cinye wa bes da ganga wuri. Kuma don Allah kar ka saita da iyafis cikin dare kace ka gama, kunne baya jin ƙasa da sama sosai in sauti ya yi ƙasa-ƙasa, shi yasa kake ƙara su, ranar biki an ɗaga murya janareta na ruri sai mutane su fara toshe kunne. Gwada a ƙarfin da zaka buga.

Masu tara IR cike da memori suna ta dannawa har kunne ya gaji, biyu ko uku sun isheka malam.

Bes kuwa daban ne. Igiyar E ɗinsa a 41Hz take, mai igiya 5 har 31Hz yake sauka, in ka sa masa IR na jita ko ka yanke a 80 ka zubar da nauyin gaba ɗaya. Nemi na akwatin bes irin Ampeg 8x10, ka gauraya shi da sautin DI, wato sautin bes ɗin kai tsaye da bai bi ta akwati ba. In kaji ya sirance bayan gaurayawar to suna soke juna ne, danna maɓallin juya fes (phase), mai kifa sautin ɗaya daga cikinsu, ka sake saurara.