Tafiyar gasar softbol ta ƙarshen mako: inda sababbin iyaye ke yin tuntuɓe

Duk shekara idan watan Mayu ya kama mukan samu sababbin iyaye a ƙungiyar softbol ta 'yan matanmu, kuma duk shekara magana ɗaya nake nanatawa a bakin fili har murya ta dushe. Na gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta, duk wanda ya shigo sai in tura masa ya karanta. Wasan da nake nufi shi ne na jifan sauri, wanda mai jifa ke juya hannu ta sako ƙwallo ta ƙasa daga tazarar ƙafa 43, ko 40 ga 'yan shekara 12. A nan Amurka yawancin gasannin ƙarshen mako tsarinsu ɗaya: Asabar wasannin rukuni, Lahadi sili ɗaya ƙwale. Abin da yarinya za ta yi a cikin fili aikin koci ne. Kai ta filin a kan lokaci, da cikakkun kaya da ƙoshin lafiya, wannan namu ne, kuma a nan muke kwafsawa.

Kuskuren da har yau raina ke ɓaci idan na tuna shi ne na mai cewa ba zai biya otal daren Juma'a ba, zai yi sammako ranar Asabar. Mu a yankin Chicago muke, gasanninmu da yawa kuwa a jihar Indiana ake yi. Daga nan zuwa Indianapolis tafiyar awa uku ce a kan titin I-65 idan hanya ta yi kyau. Abin da sabon shiga ba ya lissafawa shi ne agogonmu da nasu ba ɗaya ba ne. Garuruwan Indiana da ke maƙwabtaka da mu, irin su Gary, lokacin Chicago suke bi, amma kafin ka isa Lafayette agogo ya yi tsalle gaba da awa ɗaya. Jadawalin gasa kuma da lokacin garin da fili yake ake rubuta shi. Wasan ƙarfe 8 na safe, koci na son yara a fili ƙarfe 7 don motsa jiki, wato ƙarfe 6 a agogonka. Ke nan ƙarfe 3 na dare ya kamata ka tayar da mota.

Wani bawan Allah a ƙungiyarmu ya yi lissafinsa da agogon gida. Kuma ba 'yarsa kaɗai ya ɗauko ba, har da wasu biyu, ciki da mai jifarmu. Muna tsaye yara bakwai a fili, ana buƙatar tara, raɓa ta jiƙa mana takalma, koci sai duban ƙofar shiga yake yi. Na kira shi na ce, "Alhaji, kuna ina?" Ya amsa hankali kwance, "Haba Malam, ai da sauran lokaci, mun tsaya shan mai ne." Alƙalin wasa ya duba agogonsa, ya rubuta mana kaye 7 da nema ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Ba a nan abin ya tsaya ba. Da sakamakon Asabar ake jera ƙungiyoyi don Lahadi, kuma idan an yi kunnen doki ana duba yawan makin da aka ci ku. Wannan bakwai ɗin ta tura mu ƙasan jeri, aka haɗa mu da ƙungiya mafi ƙarfi da sassafe, kafin ƙarfe 10 mun naɗe kujerunmu. Kuɗin otal na kwana biyu, kuɗin rajista, mai, hutun da na roƙa a wurin aiki, duk sun bi ruwa don mutum ɗaya ya tsimi kuɗin ɗaki. Yara kuwa sun sha kuka a mota.

Ni dai ƙa'idata ita ce, duk filin da ya wuce tafiyar awa biyu, a garin nake kwana ranar Juma'a. Wasu iyayen sun ce na cika tsanani, su ta shafa. Idan aljihu bai kai ba, babu kunya a ciki: ka haɗa 'yarka da wani gidan tun Juma'a, ta kwana ɗaki ɗaya da maman ƙawarta, kai ka biyo baya da safe. Idan ka makara, kanka kaɗai ka cuta. Kuma ina rubuta lokacin wasan farko sau biyu a takarda, namu da nasu, in manna a jikin firij tun ranar Laraba.

Na biyu shi ne ɗaukar ranar Lahadi kamar tana da lokacin tashi. Ba ta da shi. Ana cinye ku a wasan farko, kun gama da hantsi. Kuna ci gaba da nasara, kuna iya buga wasa huɗu ko biyar har rana ta yi sanyi. Cikakken wasa zagaye bakwai ne, amma a gasa ana yanka masa lokaci, minti 75 ko 80 a mafi yawan wurare, kuma duk da haka jadawali sai ya zame, domin wasa ɗaya ya ja, duk na bayansa sun ja. Amma sai ka ga mutum ya karɓi aikin dare na ƙarfe 6 a Chicago, ko ya yi alƙawarin halartar walimar suna da la'asar. Daga azahar ya fara zagaye bayan rumfar 'yan wasa yana duba waya.

A nan zan faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Na ji da kunnena wani uba yana cewa, "Allah dai ya sa a cire su mu kama hanya," 'yarsa kuwa tana tsaye da sanda a hannu, taku biyar tsakaninsu. Kana zaton ba ta ji ba? Yarinyar da ta kwashe hunturu tana atisaye a ɗakin motsa jiki, ranar da abin ya fara yi mata kyau kai kana mata fatan faɗuwa! Daga baya ya zo ya ce mini, "Don Allah Malam, ga amana nan, ka taho mini da ita," ya ja motarsa. A wasan ƙarshe ƙwallo ya bugi yatsanta ya kumbura, ni ba katin inshorar lafiyarta a hannuna, ba takardar izini, wayarsa kuma a kashe yana bakin aiki. Sai bayan sha biyun dare na shiga gidana, da safe kuma aiki na jirana. Wanda ya san ba zai iya ba da Lahadi gaba ɗayanta ba, ya faɗa tun Litinin a tsara wanda zai riƙe masa yarinya, ya ba shi hoton katin inshora da lambar da za a same shi ko ta uwar. Ni har safiyar Litinin nake nema a sassauta mini a wurin aiki, domin tuƙin awa uku bayan wuni a rana ba abin wasa ba ne. Idan barci ya fara fizgata, tsayawa nake a wurin hutawa na bakin titi in runtsa na minti ashirin.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ka sayi sandar bugu don ka ga araha a intanet sai ka duba tambarin da ke jikinta. Hukumomin da ke kula da gasannin, USA Softball da USSSA, kowace da nata tambarin, alƙalai kan duba sanduna kafin wasa, wadda ba ta da shi a jaka za ta wuni. Sandar besbol ta yayanta ba za ta yi ba, haka ma ta softbol na jifan hankali da manya ke bugawa da yamma. Kada kuma a bar ta a but ɗin mota cikin zafin Yuli. Takalmi mai ƙusoshin ƙarfe ba a yarda da shi ga 'yan 12 zuwa ƙasa ba, filaye masu ciyawar roba kuma sukan hana shi ga kowa, don haka a riƙe na roba a jaka. Wasu gasannin na tilasta a kama ɗaki ta hannun masu shirya gasar, sai ka tambayi koci kafin ka biya wani otal na daban. Kwafin takardar haihuwa ya zauna a aljihun mota. A riƙe tsabar kuɗi, domin iyaye na biyan kuɗin shiga a ƙofa kuma ba ko'ina ake karɓar kati ba. Titunan biya na hukumar Illinois Tollway sun daina karɓar kuɗin hannu, wanda ba shi da na'urar biyan kuɗin titi ta I-PASS ko E-ZPass ya biya ta intanet cikin kwana 14.

Abinci kuma, kada ka dogara da shagon fili. Yawanci tsiren bature ne cikin burodi da fiza mai yankakken naman alade a kai. Maman yara kan cika mana kula da dafaffen ƙwai, ayaba, kankana da soyayyar kaza, wata kular kuma ƙanƙara da ruwa zalla. Shinkafa da miya sai an gama wasan ranar, don na ga yadda take kwantar da yarinya tsakanin wasa biyu. Ruwa tun Juma'a ake fara sha, ba sai ta ce kanta na ciwo ba. Darduma da buta suna mota kullum, inuwar bishiya a bayan filaye ba ta wuya. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Indianapolis sai bayan ƙarfe 9, ga isha'i can cikin dare, ga asuba da wuri, saboda haka hirar harabar otal da sauran iyaye a taƙaita ta. Mai sa hijabi ta gwada shi da hular kwanon bugu tun a gida, koci kuma ya sanar da alƙali kafin a fara.

Idan aka yi tsawa za a kori kowa daga fili, a jira minti 30 daga ta ƙarshe. Mota ake shiga, ba ƙarƙashin rumfa mai ƙafafun ƙarfe ba, kuma kada ka tafi kasuwa, domin saƙon dawowa a waya yake zuwa ba zato. Ihu a kan alƙali kuwa ka bar shi a gida, yana da ikon fitar da kai, wani lokacin har kocinku ya shafa. A hanyar dawowa kada ka buɗe darasi a kan ƙwallon da ta saki a zagaye na uku, ta fi ka sanin ta sake shi. Ka tanadi silifas da busasshiyar safa a kujerar baya, da leda babba ta takalman da suka sha jar ƙasa, in ba haka ba har watan Agusta kana share ta daga kafet ɗin mota.